Anti Kubra da tseren da babu wanda ya aike ta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti Kubra ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina kicin ina haɗa wa yara abin da za su tafi da shi makaranta, wayata ta yi ƙara, na ga sunan Ilham, babbar 'yarta. Ilham ba mai kira ba ce, saƙo take turowa.

"Anti Nafisa, Mama ta tafi. Bayan sallar asuba."

Da Hausarta ta 'yan Birmingham ta faɗa, a kakkarye, sannan ta maimaita da Turanci kamar tana tsoron ban gane ba.

Na gane.

Na san ba ta da lafiya. Abin da ban sani ba shi ne ya kai haka. Ko kuma dai na sani, na ƙi yarda.

Sai da rana zan sami jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Na haɗa jaka, na kasa zaune na kasa tsaye, shi ne na ce bari in rubuta. Ku yi haƙuri, zai yi tsawo.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Hajiya Kubra 'yar Kano ce, pharmacist, wato mai haɗa magunguna, a wani asibiti a Birmingham, matar Dakta Sani, uwar 'ya'ya uku. Amma na san da yawanku ba ta nan kuka san ta ba. Kun san ta ne da "Hajiyar nan mai keke". Hoton nan nata ya zaga duk group ɗinmu: mace mai shekara hamsin da uku, fuska duk gishirin gumi, lambar yabo rataye a wuya a kan hijabi, ranar da ta gama triathlon mai dogon zango.

Tun kafin ranar nake ɗauke da tambaya ɗaya. Shin abin nan nasara ce ta gaske, ko kuwa wahala ce kawai da aka yi wa ado da lambar yabo?

Na san ba irin tambayar da ake yi ranar rasuwa ba ce. Amma ita kanta ta san ina da ita, kuma ba ta taɓa hana ni yi ba. Dariya ma take ba ta.

Bari in faro daga yadda na san ta.

Shekarar da na zo yin PhD a Salford, kusa da Manchester, tsakiyar sanyi na sauka. Ban san kowa ba sai wata lambar waya da ƙawar Ummata ta rubuta min, ta ce, "Idan kin isa ki kira Kubra, 'yar unguwarmu ce." Kwana uku ina jin nauyin kira. Da na daure na kira, tambaya uku ta yi min: ina nake, akwai hita a ɗakin, me na ci tun safe.

Na ce biskit.

Ranar Asabar sai ga ta a ƙofar flat ɗina. Tuƙin awa biyu daga Birmingham, saboda yarinyar da ba ta taɓa gani ba. Bargo biyu, tukunya, kuka, daddawa, yajin da ta daka da hannunta, da wata jibgegiyar rigar sanyi da ta ce ta Ilham ce, ta yi mata kaɗan. Bayan ta tafi na ga takardar kanti a aljihu. Sabuwa ce fil.

Sun zauna a Cheetham Hill shekaru kafin aiki ya mayar da Dakta Birmingham, don haka ta san Manchester lungu da saƙo. Ita ta kai ni na yi rajista da GP, wato likitan unguwa. Ita ta koya min hawa tram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari. Ita ta kai ni unguwar Longsight ta nuna min mahaucin da ba ya cika wa mutum leda da ƙashi.

Da mijina Mukhtar ya biyo ni, na haihu, Umma ba ta sami biza ba. Anti Kubra ta ɗauki hutun sati guda ta tare a wurina. Ita ce kunun kanwa, ita ce ruwan zafi, ita ce faɗa da Mukhtar a kan ya daina buɗe taga.

To wannan matar ce ta kira ni wata rana ta ce ta shiga ajin koyon iyo. Tana da shekara arba'in da tara.

Na ce, "Anti, iyo kuma? Lafiya?"

Ta ce, "Lafiyar ce ta kawo haka. GP ya ce sugana na hawa, in motsa jiki."

Na ce, "Ai mutane park suke zagawa sau biyu su dawo gida."

Ta ce, "Na zaga. Ya ishe ni."

Ranar Lahadi da safe akwai awa ɗaya ta mata zalla a wurin iyo na ƙaramar hukumarsu. Ta ce min sati uku ta yi tana riƙe da bango, ta kasa ko da tsoma fuska a ruwa. Bayan wata shida tana kai wa can ƙarshe ta dawo. Sai ta sayi keke na hannu. Ta faɗi sau biyu a park, sau ɗaya a gaban wasu tsofaffin Turawa da suka taru suna ta ba ta haƙuri. Daga nan sai gudu. Daga nan sai ƙananan gasa, waɗanda ake gamawa kafin azahar.

Ban damu ba. Na ɗauka marmari ne, zai wuce.

Sai ranar da ta ce min ta yi rajistar babbar.

Ga wanda bai san triathlon ba, abu uku ne a jere ba hutu. Za ka yi iyo a tafki kusan kilomita huɗu. Kana fitowa ka hau keke kilomita ɗari da tamanin, wato ya fi Kano zuwa Zariya. Kana sauka ka kama gudu kilomita arba'in da biyu, kamar a ce Kano zuwa Wudil a ƙafa. Duk a rana ɗaya. Kuma kowane sashe da wa'adinsa, idan ka makara a cire ka.

Na ba Umma labari a waya. Ta ce, "Nawa za su biya ta?"

Na ce, "Ita za ta biya su, Umma."

Ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya."

Har yau idan na tuna sai na yi dariya, ko da safen nan ma da hawaye a fuskata.

Ni aikina bincike ne, ba na iya ganin abu in bar shi ban tambayi dalili ba. Sai na shiga tambayar mutane.

Mukhtar ya ce nasara ita ce ka zo na ɗaya, ko na biyu, ko na uku. Wanda ya zo can baya, in ji shi, ya halarta ne kawai.

Wata Hajiya a group ɗin mata ta ce da wannan ƙarfin da wannan lokacin, da Umara ta ƙaro, ko ta haddace izu biyar. Wata ta ce ba abin da ya dame ta sai girma, mace da 'ya'ya a jami'a tana tsere da samari a titi.

Wani Bature a ofishinmu, mahayin keke ne shi ma, ya ce gamawa ba wani abu ba ne, duk mai lokaci da kayan aiki da taurin kai zai gama.

Na kai wa Anti wannan maganar. Ta ce, "Gaskiyarsa. Ki tambaye shi ko ya gama nasa."

Na tambaye shi. Ya ce yana shirin yi, wata shekara.

Ni kuwa a raina na fi karkata ga masu cewa wahala ce. Abin da na sani da nasara shi ne abin da zai amfani wani. Ka yi karatu ka warkar da mara lafiya. Ka gina rijiya. Ka tarbiyyantar da ɗa. Amma ka tashi daga wuri, ka sha azaba wuni guda, ka dawo daidai inda ka tashi? Wa ya ƙaru?

Akwai ranar da na faɗa mata haka a fuska, kuma ba cikin ladabi ba.

Na kare thesis ɗina, wato kundin bincikena na PhD, muka shirya 'yar walima a flat ranar Asabar. Ita na fi so in gani. Aka ci abinci, aka yi hotuna, mutane suka fara tafiya, ba Anti. Sai wajen la'asar ta shigo tana ɗingishi. Ashe awa shida ta yi a kan keke da safe, don ranar ce ranar doguwar fitarta, sannan ta kamo hanya. Ta rungume ni, ta ci cokali uku na shinkafa, barci ya kwashe ta a kan kujera da faranti a cinya.

Abin ya yi min ciwo.

Da ta farka na ce, "Anti, don Allah wannan wahalar banzar me za ta ƙara miki?"

Mukhtar ya zaro ido, ya shige ɗaki.

Ta dube ni, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Nafisa, thesis ɗin nan naki a kan me yake ma?"

Na ce, "Siminti."

"Shekara huɗu kina kallon siminti yana bushewa. Mutum nawa suka karanta?"

Na ce, "Huɗu."

"To ni ko ba komai za a tafa min."

Dariya ta ƙwace min duk da ina fushi. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ki yafe min makarar yau, ban kyauta ba. Amma ki ji. Baba ne ya ce in karanta pharmacy, na karanta. Aure ya kawo ni ƙasar nan, na zo. Yara suka zo, na yi musu abin da ya wajaba. Ban yi nadamar ko ɗaya ba. Amma duk aike ne. Wannan ne kaɗai abin da babu wanda ya aike ni."

Ban gamsu ba. Na ce a raina, don ba a aike ka ba ai bai sa abu ya zama mai daraja ba.

Karon farko da ta shiga babbar gasar ba ta gama ba.

Ban je ba, a waya ta gaya min. Tayarta ta yi faci sau biyu, ta isa ƙarshen keke bayan wa'adi da minti goma sha ɗaya. Suka cire mata ɗan abin da ake ɗaurawa a ƙafa mai ƙirga lokaci, suka ce ta yi ƙoƙari.

Ta ce, "Na zauna a kan ciyawa na ci ayaba biyu, na yi kukana, sannan na nemi Dakta."

Allah ya yafe min, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Na ce shi ke nan, za mu sami Antinmu.

Ranar Litinin ta sake rajistar baɗi.

Karo na biyu na ce zan je in gani da idona. Ba don goyon baya ba, gaskiya. So nake in gane abin da ke cikin lamarin nan.

Lokacin zafin Ingila ne, ƙarfe shida na safe gari ya waye tas. Bakin tafkin cike da mutane cikin baƙaƙen kayan ruwa, ka rasa gane mace ka rasa gane namiji. Ita ma ta taɓa ce min kayan ruwan nan sun fi wasu abayoyin rufe jiki. Aka busa, suka faɗa, ruwa ya hautsine kamar tukunya na tafasa. Daga nan ban sake sanin wace ce ita ba.

Bari in gaya muku gaskiya, kallon triathlon gundura ce. Jira ne kawai. Mutuminka ya wuce ka cikin ƙiftawar ido, ka ƙara jiran awa uku.

Ni da Dakta Sani da Ilham muka zauna a ƙarƙashin wata bishiya da fulas ɗin shayi. A wayar Dakta akwai taswira da wani ɗan ɗigo mai motsi, ɗigon nan shi ne Anti. Wuni muka yi muna kallon ɗigo.

Wajen tsakar rana ɗigon ya tsaya.

Minti biyar. Minti goma. Dakta mutum ne da ke aiki a ɗakin tiyata, ban taɓa ganin ya rikice ba. Ranar kuwa har shayi ya zubar a wandonsa. Ya ce, "Nafisa, duba taki wayar, ƙila tawa ce." Ba wayarsa ba ce.

Sai bayan kusan minti ashirin ɗigon ya motsa. Daga baya ta ce mana amai take yi a bayan wani shinge, cikinta ya ƙi karɓar abin zaƙin da suke sha.

Ta shigo daga keke da sauran wa'adi a gabanta. Muna hango ta ta cikin shingen waya, ta ajiye keken, ta yi alwala da ruwan gora, ta shimfiɗa rigar ruwan sama a kan ciyawa, ta haɗa azahar da la'asar irin ta matafiya. Agogo bai tsaya mata ba. Wani dattijon Bature cikin masu aikin sa kai ya tsaya yana karkatar da mutane don kada su ratsa ta gabanta. Tashi daga sujada ta ƙarshe sai da ta dafa ƙasa da hannu biyu.

Gudun kewaye ne, sau huɗu za ta wuce ta inda muke. Karo na farko ta ɗaga mana hannu. Karo na biyu ta gyaɗa kai kawai. Karo na uku tafiya take, ba gudu ba, leɓe ya bushe, fuska ta yi toka. Ilham na ta ihu da Turancinta, "Come on, Mum!" Ita kuwa ta zo daidai ni ta tsaya, ta dafa ƙarfen da ya raba mu, ta ce:

"Nafisa, kin yi gaskiya. Wahalar banza ce."

Ta saki ƙarfen ta ci gaba.

Ƙarfe tara ta wuce lokacin da ta shigo layin ƙarshe, rana na shirin faɗuwa. Awa goma sha biyar da 'yan kai. Waɗanda suka zo na farko sun yi wanka, sun ci abinci, wasu ma sun isa gida. Bayanta mutane kaɗan ne suka rage. Mai sanarwa ya kira sunanta, ya karya shi yadda suka saba.

Sai na ji ina kuka. Ba hawaye ba, kuka sosai, da shessheƙa, har Dakta ya miƙo min hankici.

Wannan kukan shi ne abin da ya fi ɗaure min kai. Ni ce mai cewa ba wanda ya ƙaru. Ba ta ceci kowa ba, ba ta zo ta ɗaya ba, ta dawo inda ta tashi da safe. To me na gani da ya sa ni kuka? A hanyar dawowa na yi ta juya abin, ban samo ba.

Ba ta sake yin babbar ba. Ta ce sau ɗaya ya isa, ba hauka take ba. Lambar yabon kuwa na taɓa ganinta a aljihun kabad ɗin kicin, tare da ashana da tsofaffin makullai.

Bara aka gano ciwon daji a cikinta.

A nan zan roƙi wata alfarma. Na ga har an fara rubutawa a group cewa wahalar motsa jiki ce ta taɓa mata zuciya. Don Allah a daina. Ba zuciya ba ce, kuma iyalanta ne suka ce in faɗi haka. Wa'adi ne ya yi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati shida ke nan. Ta ce tana kewar Manchester, ta hau jirgin ƙasa ta zo ita kaɗai, Dakta bai so ba. Na tarbe ta a tasha. Ta rame, rigarta kamar an rataye a ƙusa. Amma idon nan na nan, da tsokanar.

Muka hau tram zuwa bakin ruwan Salford, inda a da jirage ke sauke kaya. Akwai wani ɓangare da ake barin mutane su yi iyo, ta sha zuwa nan lokacin da take shiri. Daga tashar tram zuwa benci, tafiyar da ba ta kai minti uku ba, sau biyu muka tsaya ta huta.

Muka zauna muna kallon masu iyo. Ta nuna wani da haɓa. "Dubi wancan, yana ɗaga kai da yawa. Zai gaji tun bai je ko'ina ba."

Na ce, "Anti, in tambaye ki?"

Ta ce, "Tambayarki ta kullum? Yi."

Na ce, "Yanzu da komai ya wuce, a wurinki nasara ce?"

Ta ce, "Wata rana nakan ce e. Wata rana nakan tuna Asabar nawa na bar Dakta da yara, in ce anya."

Na zo da amsoshina a shirye, don na daɗe ina nema mata hujja. Na ce ai ga matan da suka shiga ajin iyo saboda ita, har da Hajiyar da ta yi maganar girma, yanzu ita ke fara zuwa ranar Lahadi.

Ta girgiza kai. "Na ji daɗin wannan. Amma kada ki ɗora min niyyar da ban yi ba. Ban yi don su ba."

Na ce, "To ko ya koya miki haƙurin da kike yi da ciwon nan?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kada ki kuskura ki je ki gaya wa mutane haka. Wancan ciwon ni na zaɓe shi, kuma na san ƙarfe nawa zai ƙare. Wannan daban ne. Babu abin da ya shirya ni."

Na ce, "To me ya ba ki?"

Ta ɗago hannunta tana jujjuya shi, duk tabon allura.

Ta ce, "Allah ya ba ni ajiyar jikin nan. Shekara arba'in da tara ina amfani da shi, girki, goyo, tsayuwa a wurin aiki, ban taɓa tambayar iyakar abin da ya zuba a ciki ba. Ranar nan na gani. Duk lokacin da na ce ya ƙare, sai in tarar da saura. Ban san sunan wannan ba, Nafisa, ke ce mai bincike. Na dai san idan Mai shi ya karɓi kayansa, na san abin da nake mayarwa."



Ta dafa gwiwata ta ce, "Tashi mu je Longsight, tsire nake so, ko da tsinke ɗaya ne."

Rabin tsinke ta ci.

Ko wannan ya amsa tambayata? Wallahi ban sani ba. Har yanzu ina ganin Mukhtar na da tasa gaskiyar, Hajiyar da ta yi maganar Umara ma na da tata. Abin da ya canza shi ne na fara zargin ma'aunin da nake awo da shi. Ƙila akwai abin da mutum zai yi, bai amfani kowa ba a fili, amma ya zama hanyar sanin ni'imar da aka yi masa. Idan haka ne, ban san ko sunansa nasara ba, ko godiya. Ina nan ina tunani.

Ina tsakiyar rubutun nan Ilham ta sake kira.

Ta ce tun watan jiya Mamanta ta ba Dakta wata takarda da sunayen mata uku da take so su yi mata wanka. Biyu dattawa ne daga masallacinsu, waɗanda suka san aikin. Ta ukun ni ce.

Na ce, "Ilham, ban taɓa yi ba. Ban taɓa ko ganin gawa kusa ba."

Ta ce, "Ta san za ki ce haka. Ta rubuta a gefen sunanki, za ta iya."

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma zan je, zan tsaya inda dattawan suka ce in tsaya, in zuba ruwa inda suka ce in zuba, a hankali, yadda ya dace da ita.

Za a sanar da lokacin jana'iza da zarar takardu sun fito.

Ya Allah, ga baiwarka Kubra ta dawo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka tabbatar da ita wurin tambaya. Yadda ta rufa wa baƙi asiri a ƙasar da ba su da kowa, ka rufa mata asiri ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka ba Dakta Sani da Ilham da ƙannenta juriyar wannan rashi. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har zuwa nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, ko kana ganin abin da ta yi nasara ce ko a'a, ajiye wannan muhawarar zuwa wata rana. Yau ka ɗan tsaya, ka karanta mata Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunanta a sujadarka.

Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya ba ni ƙarfin hannu da na zuciya in sauke amanar da ta bar min.

Amin.